Banki na cewa gobe-gobe a duba gida: yaya kuke tsara randebu?

Mai tambaya

Assalamu alaikum ƴan'uwa abokan sana'a. Ina aikin ƙiyasta darajar gidaje da filaye a nan Damagaram, galibi waɗanda za a ba banki jingina. Randebu, wato lokacin da ake ɗaurewa don zuwa duba gida, shi ne ya dame ni. Ma'aikacin banki zai kira bayan la'asar ya ce gobe da safe a je a duba gida, jibi rahoto ya iso teburinsa domin komiten bashi zai zauna. Abin da yake turowa sunan mai neman bashi ne da lambar waya, babu lambar ilo (rukunin filayen da filin yake ciki), babu kwafin takardar fili. A je kuma a tarar mai gida ya yi tafiya, ko ƴan haya sun kulle ɗakuna sun fita nema. Wani lokacin a haɗa mini gida a unguwar Karkada da wani a garin Magarya, wai duk rana ɗaya. In na ce ba zai yiwu ba, sai a ce akwai wanda zai yi. Yaya kuke yi aiki bai kuɓuce muku ba, rahoto kuma bai lalace ba?

Mai ƙiyasi, ya daɗe cikin sana'ar

Wa alaikumus salam ƙanena. Tushen matsalarka shi ne kana barin a fara ƙirga maka kwana daga lokacin da aka kira ka. Ka mayar da ƙirgen ya fara daga ranar da dosiye, wato tarin takardun aikin, ya cika a hannunka, kuma ka sa hakan a rubuce tsakaninka da kowane reshen banki tun kafin aiki ya zo.

Dosiye ya cika idan akwai takardar umarnin aiki daga banki, mai ɗauke da sunan wanda ya nemi ƙiyasin da wanda zai biya, da kwafin titir fonsiye (takardar mallakar fili mai rajista) ko takardar sayen fili ta meri (ofishin magajin gari), da filan (taswirar fili) da ke nuna lotisma (tsarin yankan filaye) da ilo da lambar fili, da kwafin katin shaidar mai gida, sannan lambar wanda makullai ke hannunsa. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa, kuma shi ke kashe randebu, domin mai neman bashi sau da yawa ba shi ke zaune a gidan ba. Ko dai wani ya tsaya masa da gidansa, ko gidan na haya ne.

Da an kira ka, amsa cikin sa'a guda ta saƙon WhatsApp ko imel: na samu buƙatarku, ga abin da ya rage, daga ranar da ya iso zan duba gidan cikin kwana biyu na aiki, rahoto kuma kwana uku bayan dubawa. Saurin amsar nan yana kwantar da hankalin ma'aikacin banki sosai, don ya samu abin da zai nuna wa shugabansa.

Randebun kuwa kai za ka ɗaure shi da mai makulli, kada ka bar wa banki. Ka ba shi lokaci biyu ya zaɓi ɗaya, misali Talata ƙarfe takwas da rabi ko Laraba bayan la'asar. In ka tambaye shi yaushe yake da lokaci, "ko yaushe, in sha Allah" za ka ji, ka zo ka tarar da ƙofa a kulle. Daren ranar ka sake kira, da safe ma kafin ka tayar da babur ka sake kira.

Kada kuma ka rage wa kanka lokacin dubawa don a ce kana da sauri. Gida mai ɗaki uku ko huɗu a fili mai murabba'in mita 300 ko 400 yana cin sa'a guda zuwa ɗaya da rabi in za a yi abin kirki: nemo born huɗu (alamomin iyakar fili), auna ɓangarorin da dekametir (tef ɗin awo) a gwada da filan, ɗaukar lambobin GPS, auna ɗakuna, hawa dal (rufin kankare) ko duba kwano, hotuna ciki da waje da layin. Gida uku a yini cikin gari ya isa. A watan Afrilu da Mayu ma biyu, domin daga ƙarfe sha ɗaya ba mai iya tsayawa kan rufi yana awo hankali kwance. Abin da ke cin kwana ukun rahoto kuwa neman farashin kwatanci ne. Sai ka samo aƙalla ciniki uku na kwanan nan a unguwar ko maƙwabciyarta, daga bakin dillalai da noter (jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki bisa doka), ka tace su, tunda kuɗin da ake rubutawa a takardar sayarwa sau da yawa bai kai wanda aka biya a hannu ba. Wannan ba ya yiwuwa cikin dare ɗaya.

Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar sashen bashi

Ɗana, bari in faɗa maka yadda abin yake daga cikin banki. Hedkwatar bankunanmu a Yamai take, kuma bashin da ya kai a nemi jinginar gida yawanci can ake yanke hukuncinsa. Ma'aikacin reshe yana da ranar da zai tura dosiye, in ta wuce sai zama na gaba. Shi ma matsa masa ake yi, ga mai neman bashi kullum yana zaune a ofishinsa. Amma galibi dosiyen ya kwana biyu a reshe kafin a tuna ba a yi ƙiyasi ba, sai a juye maka jinkirin duka.

Saboda haka in ya kira kada ka ce "yaushe kuke so?" Ka ce "wace rana dosiyen zai tafi Yamai, kuma me ya rage a cikinsa ban da rahotona?" Sau da yawa za ka ji ana jiran takardar da ke nuna ko akwai wata jingina a kan titir ɗin, ko ma fili bai da titir tukuna. A dokar lamuni ta OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka), wadda aka sabunta a 2010 kuma Nijar ke aiki da ita, asalin ƙa'ida shi ne gidan da aka yi wa rajista ne ake ɗora wa jingina, kuma sai an rubuta jinginar a littafin filaye take ƙarfi a kan sauran mutane. To fili mai takardar meri kaɗai akwai sauran tafiya a gabansa wajen noter da kadasta (ofishin taswirar filaye), kwananka biyu ba su ne za su hana a fitar da kuɗi ba.

Shawarata ka je ka ga shugaban reshe ranar da babu wani dosiye tsakaninku. Ku shirya cewa kowace Litinin da safe za a turo maka jerin gidajen da ake sa ran dubawa a makon, ko da takardunsu ba su gama haɗuwa ba. Kai kuma ka ware musu Talata da Laraba, ka ajiye gurbi ɗaya a mako na gaggawa ta gaskiya. In sun cinye gurbin nan da Litinin, na gaba ya bi layi. Shugaban reshe zai yarda, domin masu binciken hukumar sa ido kan bankuna ta UMOA (ƙungiyar kuɗi ta Afirka ta Yamma) suna buɗe dosiyoyin jingina, kuma rahoto maras awo da hoto shi ake tambaya a kansa.

Jiyometir, mai awon filaye

Ƙari kaɗan kan ranaku, Malam. Alhamis ranar Kasuwar Dole ce, ɗan kasuwa ba zai bar rumfarsa ya zo ya buɗe maka gida ba, ko da ya ce to. Juma'a ofisoshin gwamnati rabin yini suke, in kana buƙatar duba filan a kadasta ko meri kada ka bar shi sai ranar. Ma'aikaci mai albashi kuwa Asabar da safe ta fi masa.

Batun Karkada da Magarya rana ɗaya, a'a. Magarya wajen kilomita 90 ce daga nan, Tanut da Gure sun fi haka nesa. Mirriya ce kawai za ka haɗa da aikin cikin gari. Ka ware rana ɗaya ta waje a mako, ka tara na hanya guda: na kudu tare, na gabas tare, na arewa tare. Da damina, musamman Agusta, kada ka yi alkawarin rana a ƙauyen da sai an bar kwalta, ka ce makon kaza in hanya ta ba da dama. In gona ce ko lambu, takardarta ta hukumar filaye ce ta Kofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta kafa, kuma ba za ka gane iyaka ba sai da maƙwabta ko wakilin mai gari. Su ma sai an sanar da su kwana biyu kafin zuwa.

Wata ƴar'uwa mai ƙiyasi

Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma yana ɓata randebu fiye da nisa: shiga cikin gida. Gidan da matan aure suke, ba za ka yi sallama ka kutsa da dekametir ba don banki ya aiko ka. Tun a waya ka gaya wa mai gida cewa kowane ɗaki za a shiga a auna a ɗauki hoto, har ɗakunan iyali da madafa da bayan gida, ya sanar da su, kuma shi ko babban ɗansa ya kasance yana nan. Mutane da yawa suna zaton daga zaure za ka leƙa ka tafi. Kada fuskar kowa ta fito a hoto. In kana da abokiyar aiki mace, tafiya da ita tana rage rabin wahalar.

Gidan haya, a ba ƴan haya sanarwar kwana biyu, kuma bayan la'asar ko Asabar ake samunsu. Gidan gado kuwa ka tambayi banki tun farko ko an raba, da sunan wa ke kan takarda. In magada ba su san za a jinginar ba, a ƙofar gida za ka fara jin labari, kuma ba wurinka ba ne ka yi musu bayani. Ka koma ka rubuta wa banki abin da ka tarar. In ana zaman makoki ko akwai mai takaba a gidan, ɗaga randebun shi ne mutunci, kowane komite zai jira.

Wani matashin abokin sana'a

Ni ina ganin a sa kuɗi a kai. Aikin gaggawa a ƙara kaso, randebun da ya mutu ba da laifinka ba a biya kuɗin dawowa. Sai sun ji a aljihu za su daina.

Mai ƙiyasi, ya daɗe cikin sana'ar

Kuɗin dawowa na yarda da shi, musamman na waje. A karɓi kuɗin mai da hanya kafin a tashi, a rubuta cewa in an je ba a samu shiga ba, tafiya ta biyu sabon kuɗi ce. Ƙarin kuɗin gaggawa kuwa a yi hattara. Mai neman bashi ne ke biya, ba ma'aikacin da ya jinkirta ba, kuma da zarar ka sa wa gaggawa farashi, kowane dosiye zai zama na gaggawa. In za ka karɓa, ya zama ladan aikin dare ko na Lahadi ne, matakan dubawa kuma suna nan cif.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura guda. Wani lokaci cewa ake yi mai gida zai turo hotuna ta WhatsApp, in rubuta rahoto yau, in je in gani daga baya. Har a kan ce bashin miliyan kaza ne, a duba ƙiyasin ya rufe shi.

Mai ƙiyasi, ya daɗe cikin sana'ar

Wannan kam kada ka yi, ko aikin zai tafi. Hoto ba ya nuna abin da ke sa gida tsada ko arha a garin nan. Ginin ƙasa da aka shafe da siminti aka yi wa fenti, a hoto da ginin bulo duk ɗaya ne. Sai ka tsaya bakin taga ka auna kaurin bango: bulo santimita 15 ko 20 ne kafin shafe, na ƙasa yakan ninka haka, kuma in ka ƙwanƙwasa za ka ji inda shafen ya rabu da jikin bango. Hoto ba zai nuna maka layin da ruwa ya bari a gindin katanga ba, wanda ke gaya maka gidan a kwari yake. Ba zai nuna dutsen da ya cinye kusurwar fili ba, alhali a Damagaram dutse na ƙara kuɗin haƙa tushe da masai sosai. Ba zai nuna ko famfon yana kawo ruwa ba. Mafi muni, ba zai tabbatar maka cewa gidan da ke hoton shi ne ke kan lambar filin da ke takarda ba. Ana samun wanda ya yi gini a filin maƙwabci bisa kuskuren born, ana kuma samun mai nuna gidan ɗan'uwansa.

Ranar da bashi ya ƙi biyuwa, rahotonka za a ciro. Dokar OHADA ɗin da Hajiya ta ambata ta ce in za a mallaka wa mai bin bashi gidan jingina, sai ƙwararre ya ƙiyasta shi. Wani abokin sana'a zai zo ya auna, a ajiye nasa kusa da naka, sa hannunka da hatiminka suna ƙasa. Ma'aikacin da ya ce ka yi sauri wataƙila an canja masa reshe tuni.

Batun adadi, ka ce kada a gaya maka yawan bashin sam, kuma kada ladanka ya rataya ga ko bashi ya fita. Abin da za ka iya yi musu na sauri shi ne ka je ka duba da wuri, ranar kuma ka aika ƴar gajeriyar takarda cewa an ziyarci gida, iyaka ta dace da filan ko ba ta dace ba, cikakken rahoto na zuwa rana kaza. Kada ka sa adadi a cikinta, don duk adadin da ya fita daga hannunka shi za a kai komite. A rahoton ka rubuta ranar dubawa daban, ranar sa hannu daban, da matsayin wanda ya buɗe maka gida. In ɗaki ɗaya ya kasance a kulle, ka rubuta wane ɗaki ne, ka ce daga waje ka auna shi, kuma ƙiyasin ya dogara ne a kan cewa cikinsa daidai yake da sauran har sai an buɗe an gani.