Frozen ya dace da yara kuwa?

Ummu Hanan: Jama'a don Allah wa ya kalli katun ɗin nan Frozen na Disney, wanda ya fito a 2013? Yara sun ishe ni da naci, ya dace su gani?

Anti Bilki: Ki bar su Hajiya, ba komai. Ni abin da ya burge ni ba yarima ne ya ceci Anna, gimbiyar da ke cikin labarin, ba, ƙaunar da take wa yayarta Elsa ce, ga zanen ƙanƙarar nan kamar gaske wallahi.

Yaya Sani: Kyau kam akwai, har kyautar fina-finai ta Oscar ya ci, amma yadda yarima Hans, saurayin Anna, ya rikiɗe mugu kwatsam bai zauna min ba, babu wata alama tun farko, kuma waƙoƙin duk an jibge su a farko, wajen ƙarshe shiru.

Ummu Hanan: Ai Yaya waƙoƙin nake tsoro, kar su haddace su hana ni sakat.