Teloli da masu sana'ar hannu, ya kuke yi da wannan kullen na korona? (azumin 2020)

Tela dan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da shan ruwa. Tambaya gareni don Allah mai shawara ya taimaka. Ni tela ne a nan Kano, kuma kowa ya san azumi shi ne kakarmu, lokacin da muke kwana a shago, tun goma ga wata ka fara kin karbar dinki. To bana (2020) tun 16 ga Afrilu da Gwamna Ganduje ya sa dokar kulle saboda cutar korona shagona yake garkame, muna cewa sati daya ne sai ga Buhari ranar 27 ya dora sati biyu a kai. Kayan mutane na nan jibge, wasu sun ba da kafin alkalami na riga na cinye, kasuwannin Kwari da Sabon Gari a rufe balle mutum ya je neman zare da sitif. Yanzu an ce Litinin da Alhamis a fita daga karfe 10 zuwa 4 a sayo abinci, to wanda ba shi da kudin saye fa ina zai nufa? Ga adashi da nake zubi duk sati, uwar adashi ta dame ni da kira har na fara jin kunyar dauka. Yara ba boko ba islamiyya, tun safe ake raba fada har a kira magariba. Abin da ya fi tsaya min a rai Hajiyarmu, tana da hawan jini kuma gida daya muke, duk wanda ya yi tari a gidan sai gabana ya fadi saboda sanarwar rasuwar da ake ta turowa a WhatsApp kusan duk dattawa ne. Ku ya kuke yi?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Malam ka daina kin daukar wayar uwar adashi, hakan ne zai bata ka. Ka kira ta da kanka ka fada mata halin da kake ciki. Mu a namu zama muka yi ta waya aka yarda a dakatar da zubi sai bayan sallah, wadda kwasarta ta zo ta yi hakuri, don wlh ba mai shi. Wanda ya riga ya kwasa ne kawai za a dan matsa wa ko rabi ya rika kawowa.
Sannan me ya hana ka dauko kan keke ka kawo gida? Ranar Alhamis ka samu mai kura ya turo maka, ka hada da dutsen guga na gawayi tunda wutar ba tabbas. A zaure ma sai ka yi dinkinka, masu kaya su aiko yaro ya karba daga bakin kofa.

Baban Kaduna:
Ku yanzu kuka fara, mu tun karshen Maris muke ciki. Ranar fitar nan ita ce abin tsoro, a kulle mutane kwana da kwanaki sannan a sake su lokaci daya, kowa ya nufi kasuwa daya ana gogar kafada, mai tumatur ya ga dama ya ninka kudi don ya san ba ka da lokacin zagaye. Na ga hotunan kasuwannin Yankaba da Yan Lemo na Kano, ko ranar jajibirin sallah albarka. In za ka fita ka fita da wuri ka dawo, kar ka tsaya hira.

Dan Birni:
Ni fa gsky har yau ban ga mai koronar nan da idona ba. Zafi ne da zazzabi da yunwa ke kashe mutane, asibitocin kudi sun rufe mai ciwon suga ya rasa inda zai je. A bude gari kawai kowa ya nemi na kansa.

Anti Nas:
Dan Birni maganarka ta asibitoci gaskiya ce, akwai masu tsohon ciwo da suka rasa kulawa, amma kar ka ce babu cutar. Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Buhari, da ya rasu ranar 17 ga Afrilu yunwa ce ta kashe shi? El-Rufai gwamnan Kaduna da bakinsa ya fito ya ce ya kamu. Saudiyya ta dakatar da Umara, ka kunna talabijin ka ga yadda ake tarawi a Harami sahu kadan, kana ganin wasa suke?

Malam tela, batun Hajiya nake so ka rike da kyau don irin su cutar ta fi kayarwa, masu shekaru da masu hawan jini da suga. Kar maganinta ya yanke ko na kwana daya, ranar fita ka fara zuwa kemis kafin kasuwa ka sayo na wata guda in da hali. Duk wanda ya dawo daga waje ya wanke hannu da sabulu ya canza kaya kafin ya leka dakinta, kofinta da butarta a ware mata. Masu zuwa gaisuwa a ba su hakuri su kira a waya, na san da nauyi a ce wa dan uwa kar ya shigo amma mutum zai iya daukar abin har sati biyu yana yawo garau bai sani ba. Yaran nan kuma da ke fita kwallo a lungu su dawo su fada jikin kaka, nan ne aikin yake.

Kuma kai da kake da keke a hannu, takunkumi fa? Kowa nema yake, na asibiti ya yi tsada kuma an fi bukatarsa a wajen ma'aikata. Kyallayen atamfa da shadda da suka rage maka ka ninka biyu ko uku, yadin auduga ya fi, ban da leshi mai huji. Ka gaya wa mai saye ya rika wankewa kullum yana gogewa.

Tela dan Kurna:
Na gode kwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira uwar adashin, ashe ba ni kadai ba ne, ta ce za ta tuntubi sauran. Mai kura ma na samu a layinmu, Alhamis in sha Allah. Kyalle kam buhu guda gareni a karkashin teburi. Matsalar lastik ce ba ni da ko kamu daya, Anti in na yi masa igiya da yadin ana daurewa ta keya zai yi?

Anti Nas:
Zai yi sosai, masu hijabi ma sun fi son mai igiyar don ba ya cin kunne. Ka dai tabbatar ya rufe hanci har kasan haba, na yara ka rage fadi.