Yoga da Yadda Zuciya ke Jure Damuwa

Mai tambaya, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum, jama'a. Mahaifinmu yana da hawan jini, kuma an ba shi shawarar yin yoga, motsa jikin nan da ya samo asali daga Indiya. Shin da gaske yana sauya yadda zuciya ke amsa damuwa?

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Idan mutum ya shiga tashin hankali, jiki yana sakin sinadarin adirenalin, bugun zuciya ya ƙaru, jijiyoyin jini su tsuke, hawan jini ya tashi. Numfashi a hankali irin wanda ake yi a yoga, kamar sau 6 a minti ɗaya, yana motsa ɓangaren jijiyoyin da ke kwantar da jiki, saboda haka mai yinsa kullum zuciyarsa takan koma daidai da wuri bayan ɓacin rai. Sauƙin da ake samu matsakaici ne, kada ya ajiye maganinsa.

Malamin motsa jiki, Barnawa:
Ina ƙarawa da cewa ya guji salon da ake kifa kai ƙasa da riƙe numfashi, domin suna iya ɗaga jinin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, don haka ya haɗa da tattaki a Dandalin Murtala da ke nan Kaduna.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Za mu tuntuɓi likitansa kafin ya fara.