Injin jirgin wasa a motar rimot yana zafi ya mutu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ciro injin ƙaramin jirgin sama na wasa, mai shan man nitro, na ɗora a motata mai rimot. Kulochi ya zauna, bayan na sha wahalar rage sandar da farfela ke hawa. Yana tashi lafiya, amma ko minti 3 ba ya kaiwa sai ya ɗau zafi ya mutu. A jirgi iskar farfela ce ke sanyaya shi, a mota kuwa babu ita. Na buɗe allurar kafireto don ya ƙara shan mai ko zafin zai sauka, sai ƙarfinsa ya ragu. In canza masa kan silinda babba mai fitar da zafi irin na injin motar wasa, ko ƙaramar fanka za ta wadatar? Wanda ya taɓa gwadawa don Allah ya taimaka.