Tambaya kan son Allah: a zuciya yake ko a aiki?

Bakatsine: Salam 'yan uwa. Jiya bayan magariba wani dattijo a zawiyar unguwarmu yake fassara aya ta 165 a Suratul Baƙara, inda aka ce muminai sun fi tsananin son Allah, sai yace wai son nan farkawar zuciya ne, kana auna gero a kasuwa amma zuciyarka ta san ana kallonka. Haka malamai suka fassara kuwa?

Ɗalibi: Wa alaikumus salam. Ai wannan ita ce muraƙabar da sufaye ke faɗa, asalinta hadisin Jibrilu ne kan ihsani, ka bauta wa Allah kamar kana ganinSa, in baka ganinSa to Shi yana ganinka. Suna haɗawa da Suratu Ƙaf aya ta 16, kusancin Allah ga mutum da ya fi na jijiyar wuya.

Maman Yara: Toh amma malam kar a manta Ali Imrana 31 fa, mai da'awar so an ce ya bi Manzo (SAW). Zuciya ta farka ɗin amma asuba na wuce mutum yana munshari?

Bakatsine: Hhh Hajiya kin taɓo ni wallahi. Dattijon ma shi ke buɗe masallaci kullum.