Tambaya: wane irin idi ne Yahudawa ke yi da ba a cin burodi har kwana takwas?

Ɗan Marina:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku taimaka mani da wani abu da ya daɗe shina mani yawo a rai. Ina da shagon kayan masarufi a nan cikin Sakkwato, kuma akwai maƙwabcina ɗan ƙabilar Ibo mai saida kayan gyaran mashin, mun fi shekara shidda muna tare, mutumin kirki ne wallahi, in zan tafi sallar Juma'a shi ka tsare mani shago kuma ko naira ban taɓa nema na rasa ba. Tun farko na lura ba shi buɗewa ranar Asabar, na ɗauka wani irin coci ne nasu, sai daga baya yac ce mani a'a shi addinin Yahudu shika bi, har da wata 'yar ƙaramar hula da shika ɗorawa a tsakiyar kai.

To bara cikin bazara, lokacin da zafin nan ya kai intaha, sai ga shi da safe da rabin kwalin taliya da biskit da ragowar fulawa cikin leda, yac ce in kai ma yara don shi ba a son su kwana a ɗakinshi. Ya rufe shago ya tafi Abuja kwana uku, da ya dawo kuma mai shayi ya kawo muna burodi kamar kullum ya ƙi taɓawa, sai doya da ƙwai shika ci, da wata busasshiyar gurasa sirirya mai ƙaras-ƙaras da ya zo da ita. Ya ɗan gutsura mani na ɗanɗana, ba gishiri ba suga, gari ne da ruwa kawai. Na tambaye shi, yac ce idinsu ne na tuna ranar da Allah ya fidda Annabi Musa da mutanensa daga hannun Fir'auna. Nic ce to ai Ashura kenan, amma mu azumi muka yi kuma a Muharram. Kwastoma ya shigo maganar ta tsaya nan, ni kuma ina jin nauyin in sake tada ta.

Abin da nike son sani, shin ɗaya ne da Ashura? Mi ya haɗa burodi da Fir'auna? Kuma mi ya sa sai ya je har Abuja, ba ya iya ibadarshi a ɗaki?

Malam na Dundaye:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambaya mai kyau, bari in faɗi abin da na karanta. Sunan idin da Ibrananci Pesak, Larabawa na cewa Fis-hu. Yana farawa daren 15 ga watansu mai suna Nisan, kwana bakwai ne a Isra'ila, takwas ga mafi yawan waɗanda ke zaune a wasu ƙasashe, kuma ga na wajen Isra'ila kwana biyun farko da biyun ƙarshe ba a aiki ba a ciniki, shi ya sa ka ga ya rufe shago. Kalandarsu da wata take tafiya kamar tamu, bambancin shi ne su suna ƙara wata na 13 sau bakwai cikin kowace shekara 19, don haka idin ba ya zagaya shekara yadda azuminmu ke yi, kullum tsakanin ƙarshen Maris da Afrilu yake faɗowa, wato tsakiyar zafinmu. A 2023 ma ya faɗo cikin Ramadan.

Maganar burodi kuwa, a Attaura an ce Bani Isra'ila cikin gaggawa suka fita Masar, ƙullin da suka kwaɓa bai samu ya tashi ba suka ɗauka haka nan suka gasa a hanya. Shi ne aka hana su duk abin da aka yi da alkama ko sha'ir da danginsu wanda ya kumbura, suna kiransa hames. Ba ci kaɗai ba, ko mallakarsa ba a so, shi ya sa ya ba ka taliyar. Gurasar da ka ɗanɗana sunanta matsa, kuma daga lokacin da ruwa ya taɓa garin zuwa a fidda ta daga wuta ba a yarda ya wuce minti 18 ba. Makonni kafin idin mata na ta sharar gida, aljihun riga ma sai an zazzage, daren jajibiri kuma maigida ya kunna kyandir ya bi lungu-lungu yana neman ɓurɓushi, da safe a ƙone abin da aka samu.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne fassarar da malamansu ke yi wa wannan. Suna cewa gari ɗaya ne, ruwa ɗaya ne, bambancin burodi da matsa iska ce kawai ta shiga ɗaya ya kumbura, to haka girman kai yake a zuciyar ɗan Adam. Kenan mai neman ɓurɓushi da kyandir ana so ya leƙa zuciyarsa ma. Mu da muka tashi muna jin karatun littattafan Shehu Usmanu da Malam Abdullahi na Gwandu a kan ujubu da kibru da riya, wannan ba baƙon zance ba ne a kunnenmu. Kuma mene ne ciwon Fir'auna in ba shi ba, mutumin da ya ce ni ne ubangijinku maɗaukaki.

Batun Ashura, hadisin Ibn Abbas yana cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya tarar da Yahudawan Madina na azumi suka ce ranar ce Allah ya tsirar da Musa, ya ce mu muka fi cancanta da Musa, ya yi azumin ya yi umarni da shi. Labarin da ake tunawa ɗaya ne, amma ibadar daban. A kalandar Yahudawa ta yau babban azumin da ke ranar goma ga wata shi ne Yom Kifur, 10 ga watan Tishri wajen Satumba ko Oktoba, ranar tuba ce, shi kuwa Pesak ci da sha ake yi. Ibn Hajar a Fathul Bari ya taɓo maganar lissafin ranar, ya kawo yiwuwar cewa Yahudawan Madina da shekarar rana suke lissafi.

Maman Nana:

Malam Allah ya ƙara ilimi. Ni kuma bari in ba da abin da na gani da idona, lokacin da nake karatu a Ingila a garin Mancesta inda Yahudawa ke da yawa sosai. Wata dattijuwa maƙwabciyata wadda ita ce ta riƙa duba ni lokacin da na haihu ba kowa nawa kusa, ita ta gayyace ni cin abincin daren farko, suna ce masa seda. Sai da na yi shawara da maigidana ya ce in je tunda maƙwabtaka ce, in ci abin da ya halatta in zauna in kalla.

Wallahi na ɗauka za a zuba abinci ne a ci a tashi, ashe karatu ne, mun fi awa ɗaya da rabi ba a kawo abincin kirki ba. Kowa da ɗan littafi a gabansa mai suna Haggada ana bi shafi-shafi. A tsakiyar tebur akwai faranti ɗaya da ƙashi gasasshe, ƙwai, ganye, wata saiwa mai ɗaci, da wani dame na tuffa da 'ya'yan itace masu kama da gyaɗa wanda kalarsa kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasa, aka ce mani shi ne laka da kakanninsu suka kwaɓa wa Fir'auna suna yin tubali. Aka tsoma ganye a ruwan gishiri aka ce hawayen bayi ne. Saiwar nan kuwa da na sa a baki sai da ta hau mani hanci idona ya kawo ruwa, tsohuwar ta riƙe mani hannu ta ce haka ake so, ba a son yaro ya ji labarin bauta da kunne kaɗai. Kofi huɗu na giyar inabi suke sha a daren, ni da yara aka zuba mana ruwan inabi zalla wanda ba barasa.

Amma inda abin ya taɓa ni shi ne da jikarta 'yar shekara biyar ta miƙe a kan kujera tana rera tambayoyi huɗu, mabuɗinsu shi ne me ya bambanta wannan dare da sauran darare, tana yi tana mantawa kakanta na ɗora ta. Sai da ta gama sannan manya suka fara amsa, mun kasance bayin Fir'auna a Masar. Ba su ce kakanninmu ba, cewa suka yi mu. A littafin an rubuta cewa a kowane zamani wajibi ne mutum ya ɗauki kansa kamar shi ne ya fito daga Masar. Duk tsarin daren don yara su yi tambaya aka yi shi, har ɓoye guntun matsa ake yi su nemo a ba su tukwici, don kar barci ya ɗauke su. Na dawo ɗaki ina tunanin sau nawa yarana suka tambaye ni dalilin layya ko azumin Ashura na ce su bari ina aiki.

Wani abu kuma, da aka zo lissafa annoba goma da suka sauka a Masar, kowace aka ambata sai kowa ya ɗiga ɗigo ɗaya daga kofinsa a gefen faranti, ta ce don murnarsu ba ta cika ba tunda wasu bayin Allah sun halaka. Can ƙarshe aka cika kofi ɗaya da ba mai sha, aka buɗe ƙofar gida wai don Annabi Ilyasu.

Bagobiri:

Ni dai gaskiya ban ga amfanin wanga zance ba. Muna ganin abin da anka yi ma mutanen Gaza, yara nawa sunka mutu, sannan mu zauna muna yaba al'adun Yahudu? Masu kukan zaluncin Fir'auna ai su ya kamata su fi kowa gudun zalunci.

Malam na Dundaye:

Bagobiri zafin da kake ji muna jin shi, ba wanda ke da zuciya da zai ga Gaza bai ji ba. Amma gwamnati daban, ɗan kasuwar da ke tsare wa ɗan uwanmu shago daban, shi bai jefa bam a kan kowa ba, kuma a cikin Yahudawan kansu akwai waɗanda suka fita zanga-zanga a Amurka da Ingila a kan yaƙin, da irin hujjar nan da ka kawo. Sannan ba annabin da aka ambaci sunansa a Alƙur'ani kamar Annabi Musa, sama da sau 130. A Suratul A'araf aya ta 133 an jero ambaliya da fara da ƙwarƙwata da kwaɗi da jini, Alƙur'ani ya ce ayoyi tara, su suna ƙirga goma. Sanin inda muka haɗu da inda muka rabu ilimi ne.

Na manta ban amsa tambayar Abuja ba. Seda a gida ake yi, amma sauran ibadar ta jam'i ce. Suna da addu'a sau uku a rana, safe da yamma da dare, suna fuskantar Ƙudus, kuma akwai sassan da ba a yi sai an cika mutum goma baligai, wajen masu riƙo da tsohon tsari maza goma. Ba za a buɗe naɗaɗɗen littafin Attaura a karanta a jam'i ba sai da goman nan, ana karanta shi Asabar da Litinin da Alhamis. Wanda aka yi wa rasuwa ma addu'ar da yake yi wa mamacinsa sai da goma. Shi ya sa Bayahude ba ya jin daɗin zama shi kaɗai a gari, kuma masu tsantseni ba sa hawa mota ranar Asabar don haka dole gidajensu su kewaye wurin ibadar. Kafin idin kuma jama'ar kan tara kuɗi da suke kira kuɗin alkama a raba wa marasa hali don kowa ya samu abin yin idi, ya so ya yi kama da zakkar kono.

Ɗan Zuru:

Sannunku. Ni Kirista ne, a Sakkwato nake aiki. A Littafi Mai Tsarki na Hausa sunansa Idin Ƙetarewa, labarin na cikin Fitowa sura 12, aka ce kowane gida ya yanka ɗan rago ya shafa jinin a dogaran ƙofa, da annoba ta ƙarshe ta zo ta kashe 'ya'yan fari na Masar sai ta ƙetare gidajen da ke da alamar. Wurin ibadarsu kuma majami'a muke cewa. Ƙashin da Hajiya ta gani a faranti madadin ragon ne, don tun da Romawa suka rushe Haikali, babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus, a shekara ta 70 Miladiyya Yahudawa suka daina yankan. Samariyawa kuwa, wata ƙaramar al'umma mai bin Attaura amma daban da Yahudawa, har yau suna yankawa a kan dutsen Gerizim kusa da garin Nablus a Falasɗinu. Ista ɗinmu ma da wannan idin take da alaƙa, shi ya sa kusan lokaci ɗaya suke zuwa.

Ɗan Marina:

Na gode ƙwarai Malam, Hajiya, da kai Ɗan Zuru, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane abin da ya sa fuskarshi ke sakewa duk sadda zai tafi Abuja, ashe duk shekara shi kaɗai yake a nan ba jam'i, ni da ko sallar Azahar in na yi ni ɗaya sai in ji ban yi daidai ba. Da safen nan na tambaye shi maganar yarinya mai tambayoyi huɗu, ya ajiye sifana ya rera mani farkon waƙar a tsaye, yac ce ɗanshi na ƙarami ne zai yi bana kuma tun yanzu uwar ke koya mashi ta waya. Malam saura abu ɗaya, in idin ya zo ina son in kai mashi wani abu kamar yadda shika kawo muna lemu da sallah, dabino da mangwaro sun yi ko akwai abin da zan kiyaye?