Masu fitowa a uba, boka ko uwar miji: ya sana'ar take muku?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda ba su ne jarumai ba, amma fim ba ya tafiya sai da su. Idan daraktoci suka saba ganinka a rol ɗaya, alheri ne ko ɗauri? Kowa ya faɗi abin da ya same shi.

Uwar miji: Wa'alaikumus salam. Ni tun da sauran ƙuruciyata aka shafa min furfura, aka ce in yi muguwar suruka. Abin ya karɓu, shi ke nan. Yau ko uwa ta gari ake nema, furodusa sai ya ce masu kallo ba za su yarda da fuskata ba. Wata baiwar Allah ta taɓa tare ni a hanya, ta ce in ji tsoron Allah in bar yarinyar nan ta zauna a ɗakinta. Har ga Allah da gaske take. Sunana kuwa ba ta ma sani ba, da sunan fim ta kira ni.

Boka: Hajiya, ai ke da sauƙi, ni yara gudu suke. Amma ban ɗauke shi ɗauri ba. Jarumi yayinsa na wucewa, mu kuwa tsufa ƙara mana kasuwa yake. Ɗan fim ɗin Indiya Amrish Puri ya fito a rol ɗin wani mugu mai suna Mogambo a 1987, har ya rasu a 2005 ana nemansa. Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake ɗaukar aikinmu: a tara duk fitowarka a yini ɗaya don a rage kashe kuɗi, a miƙo maka shafukanka kawai, ba ka san farkon labarin ba balle ƙarshensa. Da safe ka yi mutuwa, da yamma ka yi sin ɗin da aka fara ganinka.

Mai fitowa a uba: Shiri mai dogon zango ya fi fim rufin asiri, kun san da aiki gobe. Sai dai ranka na hannun marubuci. Na taɓa neman a ƙara min sallama, zango na gaba sai na karanta cewa Alhajin da nake fitowa a matsayinsa ya yi hatsarin mota. Akwai dai masu sa'a: William Roache a Ingila yana fitowa a rol ɗin Ken Barlow cikin shirin talabijin mai dogon zango Coronation Street tun 1960.

Mataimakin darakta: Baba, a yi mana afuwa, mu ma matsi ne. Daga bayan kyamara abin da na gani shi ne, ranar da sabon jarumi ya rikice, ku ne ke riƙe sin ɗin. Kuna zuwa da tafiyarku, tarinku, da yadda kuke riƙe sanda, abin da babu shi a takarda. Shi ya sa muke sake kiranku a rol ɗin da muka san kun iya, don babu lokacin gwaji.

Uwar miji: To ɗana, ka gwada ni a likita sau ɗaya. In ban iya ba ka mayar min da furfurata.